Ciwon Yaya da Sharrin da Muka Ɗora wa Amarya

Wannan makon abin da ya faru a gidanmu a Fakku na kawo muku, kuma ina cikin masu laifi.

Wata bakwai da yi wa Yayata kishiya ciwo ya kama ta. Gaɓoɓi suka kumbura, gashi ya riƙa zuba, wani jan tabo ya fito mata a kumatu ya haɗe ta kan hanci, in ta wuni a rana sai ya ƙara tashi. Zazzaɓi kuwa ba ya sauka. Mai kemis ya yi mata allurar maleriya, ya koma ta taifot, shiru. Inna ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa mata." Kowa ya san wa ake nufi. Ni kaina na daina gaida Amarya.

Da ƙafafu suka fara kumbura ne Kawu ya matsa, muka bi ta Tambawal zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bayan awon jini da fitsari likita ya ce sunan ciwon lufus. Garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar fatarta da gaɓoɓinta, har ta fara taɓa ƙoda. Ya ƙara da cewa cikin masu ciwon goma, kusan tara mata ne, akasari a shekarun haihuwa.

Wannan tara cikin goman ya hana ni barci, sai na shiga karatu. Mace tana da kuromosom X guda biyu, namiji X ɗaya da Y. Shi X yana ɗauke da ƙwayoyin gado masu yawa na garkuwar jiki. Don kada abin ya yi yawa, jikin mace yana rufe bakin X ɗaya a kowace ƙwayar halitta, kamar yadda Mary Lyon ta Ingila ta bayyana a 1961. To amma rufewar ba ta cika. A 2018 masu bincike a Faransa sun nuna cewa TLR7, mai shinshino ƙwayar bairos, yana kuɓucewa, ya yi aiki daga X ɗin biyu a wasu ƙwayoyin garkuwa. Maigadi biyu ke nan a ƙofa ɗaya. Ɓarawo ba ya shiga da sauƙi, shi ya sa mata suka fi amsa rigakafi, kuma yana cikin dalilan da maza suka fi mutuwa lokacin Korona. Amma wata rana maigadin kan rufe ɗan gida da duka.

Sinadaran jikin mace irin su isturojin suna da hannu, ba musu. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne mazan da ake haifa da X biyu da Y ɗaya: haɗarin lufus gare su ya ninka na sauran maza kamar sau 14. Ashe yawan X ɗin ma da kansa magana ne.

Yaya tana shan wani magani ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sani, da wani na rage kumburi, an kuma hana ta daɗewa a rana. Bana ba ta je roron gyaɗa ba. Gashi ya fara dawowa.

Na yi wa Inna bayanin nan sau uku. Ta ce, "To ɗan boko, me ya sa bai tashi ba sai da aka kawo yarinyar?" Na ce ciwon a shekarun nan yake tashi, da kishiya ko babu. Ba ta amsa ba.

Ranar Juma'a na je na durƙusa na ce, "Amarya, ki yafe mini." Ta ce ba komai, ba tare da ta ɗago kai ba. Daga baya na ji ashe duk watannin nan ita take ɗebo wa Yaya ruwa daga rijiya, ta ajiye a ƙofar ɗaki, yara su zubar don an ce kada a sha.