Abokan Dorothy

A daren farko, bayan jirgin ruwan Queen Mary 2 ya bar Southampton, na tarar da takardar shirye-shiryen washegari a kan gadona. Shekarar 2015 ce. Kwana bakwai za mu yi a teku kafin New York, ba tsayawa ko'ina, don haka da takardar nan kowa ke tsara yininsa: koyon rawa, lacca, shayin la'asar. Can ƙasa akwai wasu layuka biyu. Ɗaya na "abokan Bill W.", masu taimakon juna su daina shan giya. Ɗayan na "abokan Dorothy" ne, ƙarfe biyar na yamma, a Commodore Club, hawa na 9.

Na san wace ce Dorothy. Yarinyar nan ce ta fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, wadda Judy Garland ta fito a matsayinta. Tun zamanin da neman jinsi ɗaya ke kai mutum kurkuku a Amurka da Ingila, maza irina ke fakewa da sunanta su gane juna. Abin bai zame mini baƙo ba. A Kano ma ba ma kiran abu da sunansa. Sai ka ji an ce wane mai harka ne, ko mai ido ne, wanda ba ya ciki kuwa makaho.

Kwana biyu ina jan ƙafa. Biyar na yi sai in hau, in wuce ƙofar kamar mai neman banɗaki, in sauko hawa na 7 in yi ta zagaya jirgin cikin iska mai sanyi. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a Ingila, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu. Ni kuma ga irin wannan zama an buga shi a takarda ɗaya da lokacin shan shayi. Kunnena kullum a buɗe yake, ko zan ji muryar ɗan Najeriya cikin fasinjoji sama da dubu biyu.

Rana ta uku na shiga. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne taron ba shi da mai masauki. Ba allo, ba tuta, ba ma'aikacin da zai tarbe ka. Kamfani wuri da lokaci kawai ya bayar, sauran ya rage naku. Na tsaya sororo ina kallon tebura, har mai haɗa abin sha, wani ɗan Filifin, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, Dorothy?" Ya nuna kusurwar taga da haɓarsa, ya ci gaba da goge kofi.

Su tara ne. Na zaci zan tarar da wani abin mamaki, sai na iske ana gardama kan maganin jirin teku. Wasu mata biyu 'yan Kanada, malaman makaranta da suka yi ritaya, suna nuna hoton karensu. Na nemi lemon citta, ba wanda ya tambayi dalilin da ba na shan giya, kuma hakan ya fi komai kwantar mini da hankali.

Wani dattijo ɗan Yorkshire, mai sanda da na'urar ji a kunne, ya matsa mini kujera. Ya ce yana saurayi lokacin da Ingila ta sassauta dokarta a 1967, kuma sai a 2014 aka ɗaura musu aure da abokin zamansa, bayan shekara arba'in suna tare. Na ce masa a shekarar ce aka rufe tamu ƙofar. Ya yi shiru, bai ce mini in yi haƙuri ba, na kuwa gode masa a raina. Can ya ce, "Ku me kuke ce wa Dorothy a yarenku?"

Na ce, "Harka, Baba."

Ya yi ta gwadawa, r ɗin ta ƙi fita. Daga ranar duk inda muka haɗu, a layin abinci ko a lif, sai ya ɗaga sandarsa ya ce "Haka!", ni kuma in ce masa haka ne.

Da asubar ƙarshe muka taru a saman jirgi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, muna kallon yadda bututun hayaƙin ya wuce ƙarƙashin gadar Verrazzano kamar zai goge ta. Aka yi musayar adireshi. Da na koma ɗaki haɗa kaya, na ninke takardar rana ta uku na sa a aljihun akwati. Sai na tuna da wannan akwatin zan je gida a Disamba, kuma Yaya ce ke kwance mini kaya. Na ciro ta na bari a kan tebur, kusa da kofin shayi.