Jarrabawar da ake faɗuwa don yawan kirki

Wani kamfanin masu gadi na Abuja ya zo ɗaukar ma'aikata a Suleja, garin da masu ƙaramin ƙarfi ke kwana, da asuba su bi ta Madalla zuwa birnin tarayya. Ni aka ɗauka tafinta: in karanta wa waɗanda ba su yi boko ba tambayoyi da Hausa, su ce "haka ne" ko "ba haka ba ne".

Matar da ta kawo takardun masaniyar halayyar ɗan'adam ce. Tun da safe ta gargaɗe ni kada muryata ta sauya a kan kowace tambaya, don akwai tarko a ciki. Sai da aka tashi ta nuna mini. Tambayoyi ne kan ƙananan laifuffukan da ba wanda ya tsira daga gare su: jin haushi, ɗan tsegumi, ɗage aikin yau zuwa gobe. Duk wanda ya musanta su gaba ɗaya, ana zargin yana wanke kansa ne. Dabarar tsohuwa ce, tana cikin gwajin MMPI da Hathaway da McKinley suka fitar a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1943, inda tambayoyi 15 ke wannan aiki.

Samari da dama sun faɗa, ban kuma ji tausayinsu ba. Ɗaya ya rantse bai taɓa fushi ba, alhali a gabana ya zagi ɗan acaɓa a bakin ƙofa.

Wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne, tsohon soja. Da na karanta masa ta tsegumi, ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Ɗana, abin da Allah ya rufa mini, ni zan tona wa takarda? Rubuta ba haka ba ne." Makinsa ya zo daidai da na mai zagin.

Na ce, "Hajiya, wannan fa kunya ce, ba yaudara ba." Ta ce ta sani. Ma'aunin asali da amsoshin Turawan Minnesota aka gina shi, yawancinsu masu zuwa dubiya asibiti, kuma maki ba hukunci ba ne, alama ce a sake zama da mutum.

Washegari ta kira su biyun, kowa shi kaɗai. Ta tambayi dattijon yadda ya yi ranar da wani na gaba da shi ya ci masa mutunci. Baki da baki, ba alƙalami a hannuna, ya ba ta labarin tiryan-tiryan, har da horon da ya sha don ya mayar da magana. Saurayin kuwa ya nace shi ransa bai taɓa ɓaci ba. Dattijon aka ɗauka.