Ciyawata Ta Yi Tsawo, Lilon Unguwa Ya Tsinke

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Da na dawo daga aiki na buɗe akwatin wasiƙu, sai ga ambulan mai tambarin kamfanin da ke riƙe wa ƙungiyar masu gidajen unguwarmu harkokinta. Tun kafin in yage shi na san ba gaisuwa aka aiko ba. Laifina biyu: ciyawar ƙofar gida ta wuce ƙa'ida, shingen katakon gefen gida kuma ya kwanta. Har da hoto, daga cikin mota aka ɗauka, ga madubin motar nan ya leƙo a gefe. An ba ni kwana 10 in gyara.

Ciyawa kam na amsa, lalacina ne da zafin Agusta. Amma shinge ba ni na kayar ba. Guguwar Beryl ce ta kwantar da shi ranar 8 ga Yuli, ranar da gidaje da shaguna sama da miliyan 2 a yankin Houston suka rasa wuta. Mu kwana 6 muka yi muna fifita da kwali. Kafintan da na kira tun a lokacin ya ce sai cikin Satumba zai iso kaina, don rabin garin shingensa a ƙasa yake. Uwargida ta karanta wasiƙar ta ajiye, ta ce, "Malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka dai yanke ciyawar."

Talata, 6 ga Agusta

Bayan asuba na fita ɗan tattakina kafin rana ta yi ƙarfi. Ina isa filin wasan yara na tsaya cak. An datse sarƙar lilo biyu cikin huɗu. An feshe abin zamewar yara da jan fenti, an rubuta kalmomin da ba zan maimaita ba a jikin ginshiƙan rumfar hutawa. An fasa fitila ɗaya, an ɓalle katakon benci, ga fasassun kwalabe cikin ɓawon itacen da ake shimfiɗawa don kada yaro ya ji ciwo in ya faɗi.

Wata baiwar Allah da ke fitowa da karenta ta riga ni zuwa. Ita ta kira ɗan sandan sintiri. Sintirin nan ba kyauta ba ne. Unguwanni da dama a gundumar Harris kwangila suke ƙullawa da ofishin jami'an tsaro, a ware musu mota da mutum, su biya daga kuɗin shekarar da kowane mai gida ke zubawa. Ya zo, ya ɗauki hoto, ya rubuta, ya tafi. Ni da matar muka tsince kwalaben da hannu cikin ledar da ta fito da ita don kashin kare.

Abin da ya tsaya mini a rai: motar da ta ga tsawon ciyawata ta bi ta gaban filin nan, amma fitilu biyu na wajen sun mutu tun guguwa, wata guda cur, ba wanda ya rubuta wa kowa wasiƙa.

Laraba, 7 ga Agusta

An kewaye lilon da rawayar leda. A wurin akwatunan wasiƙu kowa ya zama mai bincike. Wani dattijo ya ce ai ba wasu ba ne, yaran gidajen hayan nan ne na tsallaken babban titi. Wata ta ce ko na cikin unguwa ne, to 'ya'yan 'yan haya ne, don mai gida ba ya ɓata abin da ya biya. Na yi shiru. Shekara 7 na yi ina haya a garin nan kafin Allah ya hore mini gida, kuma na san irin fuskar da suke gani a zuciyarsu in sun ce "yaran tsallake".

Alhamis, 8 ga Agusta

Daren jiya na zaro kundin dokokin unguwa daga cikin takardun sayen gida. Ranar da muka sa hannu ban karanta shi ba, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Kalar fentin ƙofa, ranar fitar da kwandon shara da lokacin mayar da shi inda ba a gani daga titi, hana ajiye kwalekwale ko babbar mota a ƙofar gida, neman izini kafin a sauya rufi, duk suna ciki.

'Yan'uwa a gida in na ba su labari dariya suke yi: gidanka, kuɗinka, wani ya zo ya auna maka ciyawa? Amsar ita ce sharuɗɗan a jikin takardar fili suke. Kamfanin da ya yanka unguwar ya gina ta shi ya rubuta su, ya yi musu rajista a ofishin gunduma, duk wanda ya sayi gida ya saya da su, ya kuma zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so. Mutum sama da miliyan 70 ke zaune ƙarƙashin irin wannan tsari a Amurka. A Houston kuwa abin ya fi kafuwa, domin birnin ba shi da dokar da ta raba wurin zama da na kasuwa da na masana'anta. Sau uku aka kai maganar gaban masu zaɓe, a 1948 da 1962 da 1993, sau uku suka ƙi. Sai ya zama waɗannan sharuɗɗa ne suke hana a wayi gari a ga gareji ko mashaya a jikin katangarka. Ta nan na gane amfaninsu. Ban manta ba kuma da irinsu aka daɗe ana hana baƙar fata sayen gida a unguwanni da yawa, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 1948 kotuna ba za su ƙara tilasta wannan sharaɗi ba.

Na kuma karanta babi na 209 na dokar kadarori ta Texas, wanda shi ne takunkumin ƙungiyoyin nan. An kafa shi a 2001, shekarar da aka yi gwanjon gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, 'yar shekara 82 a nan Houston kan bashin kuɗin ƙungiya da bai kai dala 1,000 ba, har gari ya ɗauka. Yanzu kafin a ci ka tara dole a aiko maka wasiƙa mai rajista, a faɗi laifin, a ba ka lokacin gyara, kuma kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka. Ba kuma a gwanjon gida kan bashin tara zalla. Wato wadda na samu ranar Litinin tunatarwa ce kawai. Na ɗan samu barci.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bayan sallar Juma'a na tsaya da wani ɗan'uwa ɗan Zariya da ya daɗe a nan. Ya saurare ni ya ce, "Alhaji, ai duba-gari ne, mota kawai aka saya masa." Muka yi ta dariya. Na tuna yadda iyayenmu mata ke rige-rigen wanke randa da share kwata in an ce duba-gari ya shigo layi. Sai dai duba-gari sallama yake yi, ya shigo, a gan shi ya ga mutane, a yi masa bayani, in abu ya yi tsami a tafi wurin mai unguwa. Wannan kuwa shekarata 4 a unguwar ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Da daddare na lura babban ɗana bai taɓa tuwonsa ba. Kwana uku ke nan bai fita da kekensa ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Ƙarfe bakwai na tayar da injin yankan ciyawa. Na ba yaron na'urar gyara gefe-gefe. Mun yi rabi sai ya kashe tasa ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Baba, ina wurin."

Na kashe tawa. Su uku ne, duk 'yan cikin unguwa, duk 'ya'yan masu gida. Daren da aka yi ɓarnar ya ce mana zai je gidan abokinsa kallon fim, ashe fili suka nufa da gwangwanin fenti da almakashin yanka ƙarfe da ɗayan ya ɗauko a garejin ubansa. Shi dai ya ce fitilar waya kawai ya haska musu. Na ce da mai yanka da mai riƙe ƙafa duk mahauta ne. Shekararsa 15.

Wanda ya datse sarƙar kuwa ɗan maƙwabcinmu ne na ƙarshen layi, mutumin da ya jawo mana waya daga janaretansa lokacin Beryl har firjinmu ya tsira, da maganin sukarin surukata a ciki. Uwargida ta ce a bar kaza cikin gashinta, a hukunta namu a gida, a rufe maganar. Ban ga laifinta ba. Dokar iyali ta Texas ta ɗora wa iyaye biyan ɓarnar da yaro mai shekara 10 zuwa ƙasa da 18 ya yi da gangan, har dala 25,000 a kan kowace ɓarna, ga kuma zancen 'yan sanda a kan yaro baƙi mai suna irin namu. Amma na kasa cire muryar dattijon nan daga kunnena, yana ta ɗora wa yaran tsallake, ni kuma ina tsaye da ambulan a hannu ina jin na fi shi gaskiya.

Lahadi, 11 ga Agusta

Da yamma na tasa yaron gaba muka buga ƙofar maƙwabcin. Na fara da godiyar janareta, kamar yadda aka saba, har ya fara mamakin doguwar gaisuwa. Da na zo kan maganar sai ya zauna a kan matakala ya dafe kai. Ya kira ɗansa. Yaron bai yi musu ba. Uban ya ce shi direban babbar mota ne, sati biyu yana hanya, bai ma san almakashinsa ya fita ba. Muka tafi gida na uku tare. A can uwar ta ce ɗanta yana ɗakinsa daren nan, kuma kada mu sake taka mata ciyawa. Muka ba ta haƙuri muka juyo.

Litinin, 12 ga Agusta

Na kira kamfanin sau biyu kan maganar shinge. Na'ura ce ta amsa duka biyun.

Talata, 13 ga Agusta

Taron shugabannin ƙungiya, ƙarfe bakwai, a ɗakin taron da ke jikin wurin ninkaya. Doka ta ce a buɗe yake ga kowane mai gida, kuma dole a sanar tun kwana 6 kafin ranar. Sanarwar takan zo, nakan share ta. Yau ne zuwana na farko. Unguwa mai gida sama da 400, na ƙirga mu 14 har da shugabannin biyar.

Na shiga da shirin ganin azzalumai, sai na tarar da tsofaffi masu gajiya. Shugabar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ba a biyanta ko sisi, kuma ta ce karo uku ke nan tana neman wanda zai karɓe ta ba ta samu ba. Ma'aji ya karanta lissafi: sare bishiyoyin da guguwa ta kayar da kwashe su ya cinye kusan duk abin da aka ware na gyara a bana, kuɗin inshora ya tashi, kuma ɓarnar filin ba ta kai adadin da inshora ke fara biya ba. Fitilun nan biyu tun Yuli aka ba da aikinsu, mai gyaran ne bai zo ba, kamar dai kafintana. Sai na ji kunyar abin da na rubuta ranar Talatar da ta wuce, amma ba duka ba. Motar duba ciyawa ba ta fasa zagayenta ba ko sau ɗaya, domin tana cikin kwangilar kamfani, kuma tura wasiƙa ya fi gyara fitila araha.

Dattijon nan ya miƙe ya nemi a sa kamarori masu karanta lambar mota a mashigar unguwa, a kuma sa wa filin ƙofa mai kati don hana baƙi. Ana cikin lissafin kuɗin maƙwabcina ya ɗaga hannu. Ya ce ba mota ce ta shigo ba, ɗansa ne, da ƙafa ya taka daga gida. Na miƙe na ce nawa ma yana wurin. Ɗakin ya yi tsit har ana jin injin tace ruwan wanka. Ba mu ambaci gida na uku ba.

Suka fitar da mu suka yi shawara a asirce, suka kira mu suka faɗi abin da suka yanke: za mu biya kuɗin gyara, kashi uku cikin wata uku, yaran za su goge fenti, ƙungiya ba za ta matsa a kai su kotu ba. An ɗage maganar kamara zuwa taron kasafin kuɗi. A bakin ƙofa dattijon ya ba ni hannu, ya ce har yanzu dai yana ganin a sa ƙofar.

Asabar, 17 ga Agusta

Tun shida da rabi yaran biyu suna fili da buroshi da maganin cire fenti. Jan fenti ya fita daga ginshiƙan ƙarfe, amma a jikin robar abin zamewa ya bar inuwa. Maƙwabcina ya sauya katakon benci. Matar nan mai kare ta kawo ruwan sanyi, wasu mutum huɗu da ban taɓa sanin sunansu ba suka fito da manjagara muka tace ɓawon itacen. Yaro na uku ya wuce a kan keke sau biyu, bai tsaya ba.

Sarƙar lilo mun saya za mu ɗaura, shugabar ta hana. Ta ce in wani yaro ya faɗo daga lilon da ba kamfani mai lasisi ya ɗaura ba, inshora za ta zame, ƙungiya za a kai ƙara, wato mu duka. Kamfanin ya ce sati shida. Sarƙar tana garejina.

Talata, 20 ga Agusta

Mai kawo wasiƙu ya buga ƙofa, na sa hannu. Wasiƙa mai rajista: an ga ciyawa ta gyaru, an gode, shinge yana nan a kwance, in ban tayar da shi ba tara za ta biyo. Na kira shugabar. Ta ce ita ma ta samu irinta kan nata shingen, kwamfutar kamfani ce ke fitarwa da kanta, in rubuto neman saurare kawai kafin kwana 30 su cika, in haɗa da takardar kafinta.

Na rubuta, na kai gidan waya, ni ma na yi mata rajista. A hanyar dawowa na bi ta fili. An gyara fitila ɗaya. Yara uku suna layi a kan lilo biyun da suka rage.