Zuwa ga Ɗana, Kan Maganar Bashin Gida

Kwandiko,
Jihar Jigawa.



 Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na zaɓi takarda ne don maganar ta fi ƙarfin waya, kuma gara ka ji ta daga bakina da ka tsince ta a bakin 'yan uwa.

Ka san gidan nan da bashi na gina shi. Tun da na kama aikin koyarwa ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashina zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Ta nan na samu rancen, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari. Kawunka malam bai taɓa son wannan ruwan ba, ni ma raina bai kwanta da shi ba, Allah Ya yafe mana. Takardar filin tana hannun banki har ranar da zan biya kwabon ƙarshe.

A da abin bai dame ni ba. Albashi na biyan bashi, injin markaɗen Innarka na ɗauke cefane, riɗin gona kuma in an kai shi kasuwar Sara ya biya kuɗin makarantarku. To, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, injin ya koma ci ba ƙoshi. Mata suka koma turmi. Yanzu yana zaure an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kansa. Daminar 2024 kuma ruwa ya kwanta a gona, riɗin da muka samu bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka na shirya na tafi bankin a Dutse, ban jira sun aiko ba. Na riƙe takardar albashi da wasiƙar da na rubuta da hannuna, na zayyana abin da ke shigowa da abin da ke fita, har kuɗin sabulu. Yaron da ya saurare ni bai girme ka ba. Ya ce, "Baba, da kowa zai zo tun kafin bashi ya taru, da aikinmu ya yi sauƙi." Na roƙi a ƙara mini shekarun biya don abin da ake cira duk wata ya ragu. Bai ɓoye mini ba: in wa'adi ya yi tsawo, jimillar abin da zan biya za ta ƙaru, kuma shekarun da suka rage mini kafin ritaya su ne iyakar abin da za a duba. Ya karɓi takardun, ya ce a saurari amsa.

Wasu sun ba ni shawarar in jinginar da gonar fadama in rufe bakin banki. Na ƙi. Na ga gonaki da yawa a garin nan da aka jinginar "zuwa kaka", yau jikokin mai kuɗin ke noma su.

Innarka ta gaya mini kana tunanin ajiye karatu ka kama acaɓa a Kano. Ban yarda ba, kuma ban sa albarka a wannan ba. Bashin nan ni na ci shi, ni zan biya. Abin da nake nema gare ka shi ne haƙuri da ɗan abin da zan riƙa turo maka, don zai ragu daga watan gobe. In hutu ya zo ka taho da wuri, akwai katangar bayan gida da ruwa ya ci, ina so mu tayar da ita kafin damina.

Allah Ya yi maka albarka.

Naka,
Mahaifinka.