Sanusi, tallafin mai da tambayar Baba

1/ Janairun 2012, ana zanga-zangar cire tallafin mai, ina ɗan sakandare. Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan CBN a lokacin, ya dage cewa manyan dillalan mai ke cinye tallafin, ba talaka ba. Wallahi na gamsu.

2/ Na kai wa Baba maganar a gona, nan Yankara. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce: "To buhun masara da me zai isa Funtua?" Na yi dariya a raina.

3/ Mutumin fa ba kanwar lasa ba ne. Tattalin arziki ya karanta a ABU, ya shugabanci First Bank. A 2014 ya ce dala biliyan 20 na mai ba su shiga asusun gwamnati ba, Jonathan ya dakatar da shi.

4/ Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya ninka. Ni na kai masarar kasuwa, na dawo ina jin nauyin haɗa ido da Baba.

5/ Har yau ina ganin lissafin Sanusi daidai ne, in dai kuɗin za su dawo ta asibiti, makaranta da hanya. Mu dai muna jira. Tambayar Baba kuwa, ban amsa ba har yanzu.