Tsakanin Raɗa da Tsawa

Akwai wani tsohon malamin makaranta a Maraɗi wanda ɗansa ya aiko masa da na'urar faifan CD. Ya haɗa ta da tsohuwar amfilifayarsa, wadda ta daɗe tana aiki da kaset lafiya lau. Tun daga ran nan abin murɗa murya ya daina jin magana. In yana ƙasa, lasifika ɗaya kaɗai ke raɗa. Da ya ɗan taɓa shi, sai tsawa ta cika gida.

Da rana wannan ba kome ba ne. Amma matarsa tana kwance ba lafiya, barci kuwa ba ya ɗaukarta sai da waƙoƙin yabo a hankali. Dare biyu yana firgita ta. A na uku ta ce, "Malam, bar shi kawai." Maganar nan ta fi tsawar yi masa zafi.

Ya zaci ƙura ce, ya goge, a banza. Mai gyaran rediyo ne ya gane. Na'urar CD tana fitar da wajen bolt 2, alhali kashi ɗaya cikin goma na wannan ya isa ya kai tsohuwar amfilifaya iyakarta. Ashe dukan amfanin abin murɗawar ya matse a farkon juyi, daidai inda irinsa ba ya raba murya sosai tsakanin hagu da dama.

Bai buɗe akwatin ba ma. Rezista biyu biyu ya sa a wayoyin, domin su rage ƙarfin kafin ya shiga. Malam ya murɗa har kusan rabi, muryar tana hawa sannu sannu. A daren nan ta yi barci kafin waƙa ta uku ta ƙare.