Teku a Dama, Dutse a Hagu, Hubbare a Tsakiyar Gonar Inabi

Ku tsaya in ba ku labari tun bai huce ba. Akwai wata hanya a kudancin birnin Cape Town na ƙasar Afirka ta Kudu, wadda mutum zai kama da hantsi ya dawo kafin a kira azahar, amma abin da zai kwaso a kanta sai ya yi ta juya shi a zuciya har ya koma gida. Masu harkar yawon buɗe ido suna tallarta a matsayin yawon rabin yini na kallon gaɓar teku da gonakin giyar inabi. Wannan tallar ce za ta sa Bahaushe ya kau da kai ya ce ba da shi ake ba. Wallahi da shi ake. Ni da uwargida ba ma shan giya, ko ɗigonta bai taɓa bakinmu ba a wannan tafiya, amma tarihin Musulunci bai taɓa tarar da ni bagatatan ba kamar yadda ya tarar da ni a tsakiyar waɗannan gonaki.

Shatar mota muka ɗauka, mu biyu da direba, maimakon doguwar bas da ake cikawa da baƙi. Ta fi tsada, babu musu, amma kai ke da ta cewa: inda ka ce a tsaya nan za a tsaya. Direbanmu dattijo ne Musulmi mai furfura da farar hula, daga al'ummar da ake kira Cape Malay. Boeta muke ce masa, yadda matasan unguwarsu ke kiran na gaba da su. Tun kafin ya tayar da mota na gaya masa ba za mu shiga ɗakin ɗanɗana giya ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma ban taɓa sha ba. Akwai abin da zan nuna maka a can, sai mun isa."

Muna zagaye tsaunin Lion's Head sai teku ta buɗe mana gaba ɗaya. Subhanallahi! Shuɗi iya ganinka, farin kumfa yana dukan manyan duwatsu masu sulɓi, a hagunmu kuma jerin ƙololuwan da ake kira Twelve Apostles sun tsaya ƙiƙam, farin gajimare yana kwararowa ta kansu. A Camps Bay uwargida ta ce sai ta taɓa ruwan. Ta tattare bakin zane, ta sa ƙafa, ta yi tsalle ta koma baya tana salati. "Malam, ƙanƙara ce!" Watan Fabrairu ne, tsakiyar zafi a can, rana tana dukan ƙeya, amma ruwan ya sa yatsunta sun yi tsami. Boeta ya ce aikin iskar kudu maso gabas ce: tana kore ruwan sama mai ɗumi daga gaɓa, sai na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Shi ya sa wannan ɓangare na Tekun Atlantika ya fi sanyi a lokacin zafi, shi ya sa kuma yake da arzikin kifi.

Kifin muka tarar a Hout Bay. Ƙarni, ihun tsuntsaye, jiragen masunta masu tsatsa a jiki, wasu dabbobin ruwa masu fuskar kare da santsin jiki suna kwance a bakin tasha suna jiran a jefa musu kayan ciki. Muka sayi ƙyafaffen kifin nan dogo mai yawan ƙaya da suke kira snoek, muka ci a tsaye, muka wuce, domin Boeta ya ce abin da ke gaba ba ya son a zo masa a makare.

Hanyar Chapman's Peak. Ban san yadda zan kwatanta muku ita ba sai dai in ba ku lissafinta: kilomita 9, lanƙwasa 114, an sare ta ne a jikin dutsen da ya miƙe tsaye daga cikin teku. An fara aikin a 1915, aka buɗe ta a 1922, kuma fursunoni ne suka yi mafi yawan saran. Boeta ya tsaya a wani faffaɗan wuri ya ce in duba bangon da kyau. Ƙasan hanyar dutse ne mai tauri, toka-toka. Samanta kuma wani dutsen ne daban, ja da rawaya, hawa-hawa, mai sauƙin sara. Injiniyoyin sun bi daidai inda biyun suka haɗu, suka shimfiɗa titi a kan mai taurin, suka rarake mai laushin. Na sa hannu na shafa wurin haɗuwar, ɗan jan yashi ya maƙale mini a yatsa. Sama da kanmu ga ragar ƙarfe an ɗaure don tare duwatsun da ke gangarowa. A shekarar 2000 an rufe hanyar bayan dutse ya faɗo ya kashe mutum, ba a sake buɗe ta ba sai ƙarshen 2003, kuma tun daga lokacin ake biyan kuɗi kafin a bi. Da na leƙa ƙasa na hango raƙuman ruwa can nesa suna fashewa, ƙararsu tana isowa a makare, sai da na riƙe katangar da hannu biyu. Mutanen da aka kawo nan da ankwa, da diga da shebur, su wa suka san sunayensu yau?

Daga nan muka gangara Noordhoek mai dogon farin rairayi, muka haura wani tudun, sai ga ɗaya tekun, False Bay, ta bayyana a gabanmu, ga kwarin Constantia kore shar a ƙarƙashinmu. Muna sauka Boeta ya nuna wata doguwar katanga mai waya a kai. Gidan yarin Pollsmoor. Nan aka mayar da Nelson Mandela daga tsibirin Robben a 1982, ya zauna har 1988. Tsallaken titi kaɗan, gonar inabi ce da filin wasan golf na masu hannu da shuni. Ban ce uffan ba na wani lokaci.

Sai Groot Constantia, gonar inabi mafi daɗewa a ƙasar. Doguwar hanya tsakanin manyan bishiyoyi, a ƙarshenta farin gida fat mai rufin ciyawa da goshi mai lanƙwasa irin ginin 'yan Holan. Turawan Holan sun kafa zango a nan gaɓar a 1652 don jiragensu masu zuwa Gabas su riƙa samun ruwa da kayan lambu, a 1659 kuma shugabansu Jan van Riebeeck ya rubuta cewa an matse inabi na farko. A 1685 aka bai wa gwamna Simon van der Stel wannan fili, hekta fiye da 700, shi ya raɗa masa Constantia. Abin da ya ɗaure mini kai: shi kansa gwamnan, kakarsa ta wajen uwa 'yantacciyar baiwa ce 'yar asalin Indiya, amma da bayi ya noma gonar. An kwaso su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya. Har daga yankinmu akwai: a 1658 wani jirgi ya sauke bayi fiye da 200 a Cape daga gaɓar Afirka ta Yamma. Giyar wannan kwari mai zaƙi ta yi suna har fadojin sarakunan Turai, Napoleon ma ita ake kai masa lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena. Hannayen da suka tsinke inabin kuwa ba su sami 'yanci a takarda ba sai 1834, aka kuma ci gaba da riƙe su a matsayin masu koyon aiki har 1838.

Sauran baƙi suka nufi ɗakin ɗanɗano, mu muka nufi cikin kunyoyi. Lokacin girbi ne, ma'aikata suna ta yankan nonnan inabi da almakashi suna zubawa a akwatunan roba. Boeta ya buɗe bayan mota ya ciro wani ƙunshi daga cikin kula, inabin da ya sayo mana tun da asuba, irin da suke kira hanepoot. Ƙwayoyin manya, kore mai ratsin zinariya, da ɗan farin ƙura a fatarsu. Na ciza ɗaya. Ruwan ya cika mini baki, zaƙi kamar zuma, ga wani ƙamshi na fure da ya hau har hanci. Uwargida ta rufe ido tana taunawa, ta ce, "Ashe duk abin da muke saya da sunan inabi ba shi ba ne." Ya bayyana mana cewa dangin wannan inabi ne ake bari a jikin itacen har ya yanƙwane ya kusa zama zabibi, sannan a matse, daga nan ne shahararriyar giyar take samun zaƙinta. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, wanda asalinsa daga Amurka yake, ya ƙarar da gonakin Cape kamar yadda ya yi wa na Faransa. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin aure: saiwar ta Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, reshen kuma na Turai. Ya durƙusa ya nuna mini kumburin da ke gindin itacen, inda aka haɗa su.

"Yanzu mu je inda na ce maka," in ji shi.

Tafiyar 'yan mintoci ce zuwa Klein Constantia. Dab da ƙofar gonar, gefen wani ɗan rafi, a inuwar bishiyoyi, sai ga farin gini ƙarami mai koriyar ƙubba. Na ɗauka masallacin ma'aikata ne. Boeta ya cire takalmi, muka cire. A ciki kabari ne lulluɓe da yadudduka, ƙamshin turaren wuta ya kama ko'ina. Ya yi sallama ga mai kabarin, sannan ya juyo da murya ƙasa-ƙasa ya ce wannan Shehu Abdurrahman Matebe Shah ne. Turawan Holan sun kamo shi daga yankin Sumatra saboda ya ƙi miƙa musu wuya, suka sauke shi a nan cikin sarƙa a 1668, shi da wasu manya biyu. Ɗaya aka kai shi tsibirin Robben, biyu aka jefa su cikin dajin Constantia. Na biyun, Sayyid Mahmud, kabarinsa yana kan wani tudu a kusa, wanda har yau ake kira Islam Hill.

Tsigar jikina ta tashi. 1668! Na tsaya ina lissafi a zuci: shekara 86 ke nan kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun kafin a dasa itacen inabi ko ɗaya a wannan kwari, akwai mai kallon alƙibla a cikinsa. An kawo shi nan ne don a nesanta shi da jama'arsa, ya mutu ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga shi mutanen Cape suna ƙirga shi cikin waɗanda suka fara shuka addinin a ƙasar, suna cewa ya karantar da bayin da ya tarar a dajin. A lokacin Turawan Holan ba su yarda a yi wani addini a fili ba sai nasu. Masallaci na farko bai samu ba sai 1794. Shekara fiye da 100 ana riƙe da salla a ɗakunan bayi da bayan gari, ba liman na hukuma, ba hasumiya. Uwargida ta zauna a gefe hawaye na zuba, muka yi masa addu'a, muka yi wa waɗanda ba a san kaburburansu ba. Boeta ya ce irin waɗannan hubbarori sun kewaye birnin, kuma har gobe maniyyaci ba ya tashi zuwa Makka sai ya zaga ya yi musu sallama tare da iyalinsa.

A bakin rafin ne ya gaya mana cewa nan kwarin aka haifi mahaifiyarsa. Iyayenta suna noman furanni da kayan lambu suna kaiwa birni. A farkon shekarun 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana Constantia a matsayin unguwar farar fata zalla, aka kwashe su aka watsa a filayen yashi na Cape Flats. Masallatansu da maƙabartunsu suna nan, su ne babu. Ya ƙara da wani abin da ya fi ci mini rai: a gonakin inabi da yawa na lardin an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, safe da yamma. Doka ta hana, amma al'adar ta ci gaba shekaru da dama a wasu gonaki, kuma har yanzu ana haifar yaran da shan iyayensu mata ya nakasa tun a ciki. Ya faɗi wannan ba tare da ɗaga murya ba, yana kallon kunyoyin. Ni dai na ga ya kamata duk wanda ya zo ya ɗauki hoton farin gidan nan ya ji wannan labari, ko yana sha ko ba ya sha. Bas mai mutum 40 ba za ta tsaya a ƙofar nan ba, balle a ba ka shi.

Komawa birni ba ta kai rabin sa'a ba. Muka bi ta gindin Table Mountain, muka wuce Jami'ar Cape Town, muka wuce asibitin Groote Schuur inda likita Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a duniya a 1967, Boeta yana nunawa da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. Ya sauke mu a Bo-Kaap, unguwar gidaje masu launi-launi, a titin Dorp, ƙofar Masallacin Auwal, wancan na 1794, ana shirin tayar da azahar. Kafin in cire takalmi na riƙe hannunsa na tambaye shi ko yana da aiki washegari, domin a hanya ya ambaci wani hubbaren a Macassar, can gefen False Bay, na Shehu Yusuf na Makassar da aka kawo a 1694 tare da iyalansa da almajiransa. Ya duba wayarsa ya ce ƙarfe 8 zai zo, mu shirya da wuri saboda cunkoson hanyar filin jirgi.